Martani ga Malam: Sashe na 188 Yana Nan Yadda Yake, Amma Dokarsa Ta Sauya

Wani malami ɗan garin nan na Jalingo, wanda nake ganin girmansa kuma ba na bari rubutunsa ya wuce ni, ya fitar da maƙala kwanakin baya inda ya yi wa lauyoyi da alƙalai wankin babban bargo. Maganarsa ba ta da kwana-kwana. Ya ce doka a rubuce take ɓaro-ɓaro, duk wanda ya yi makaranta zai iya buɗe kundin tsarin mulki ya ga abin da aka hana da abin da aka halatta. Abin da lauyoyi ke kira bincike kuwa, in ji shi, dabara ce ta jan shari'a da tatsar talaka. Idan kuma ka ji kotu ta faɗi magana bana ta faɗi kishiyarta baɗi, kada ka wahalar da kanka neman dalili, toshiyar baki ce ta yi aikinta. Ya rufe da cewa ƙasar da ke son zaman lafiya sai ta rubuta dokarta sau ɗaya ta ƙyale ta ta huta.

Na san inda zafin ya fito. Wanda ya taɓa zaman benci a harabar kotu tun hantsi har azahar, sannan rajistara ya leƙo ya ce an ɗage zama sai bayan wata biyu, ba sai an koya masa jin haushin lauya ba. Shari'ar tsohon gwamnanmu Jolly Nyame kaɗai ta isa hujja: EFCC ta gurfanar da shi a 2007, ba a yanke hukunci ba sai ranar 30 ga Mayun 2018, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ɗaurin shekara 12 a Fabrairun 2020, a 2022 kuma aka yi masa afuwa. Yaron da aka raɗa wa suna a makon da aka fara shari'ar ya kusa gama firamare kafin a ji hukuncin farko. A nan ba ni da ja da Malam.

Inda muka raba hanya shi ne wajen magani. Bari mu ɗauki shawararsa mu gwada ta a kan abin da ya faru a idonmu.

Ranar 4 ga Oktoban 2012 Majalisar Dokokin Taraba ta tsige mataimakin gwamna, Alhaji Sani Abubakar Danladi. Mako uku bayan haka, ranar 25 ga wata, jirgin da Gwamna Danbaba Suntai ke tuƙawa ya faɗi kusa da Yola, riƙon jiha ya koma hannun sabon mataimaki, Alhaji Garba Umar. To, a ce a cikin wannan hali Danladi ya zo zauren Malam neman shawara. Malam zai jawo kundin 1999, ya buɗe sashe na 188, ya gangara ƙaramin sashe na 10, ya tarar an ce babu kotun da za ta saurari ƙara a kan abin da majalisa ko kwamitin bincikenta suka yi wajen tsigewa. Ba shubuha, ba lanƙwasa. Sai ya ce masa, Alhaji, ka rungumi ƙaddara, ka koma gida.

Da a 1981 ne, da wannan shawarar ta yi daidai. A watan Yunin shekarar ne majalisar Kaduna, wadda 'yan NPN suka fi rinjaye a cikinta, ta tsige Alhaji Balarabe Musa na PRP. Ya je kotu, kotuna suka duba sashe na 170 na kundin 1979, wanda ke ɗauke da irin wannan hani kusan kalma da kalma, suka ce ba su da hurumi. Haka fahimtar ta zauna kusan shekara 25. Sai a 2006, bayan 'yan majalisa 18 cikin 32 na Jihar Oyo sun taru a wani otal a Ibadan sun ƙulla tsige Gwamna Rashidi Ladoja, fahimtar ta sauya. A watan Disambar shekarar Kotun Ƙoli, da bakin Mai Shari'a Niki Tobi, ta ce ƙaramin sashe na 10 ba ya tsayuwa shi kaɗai. Akwai ƙananan sassa tara a gabansa da suka shimfiɗa matakan tsigewa: yawan waɗanda za su sa hannu a takardar tuhuma, miƙa ta ga wanda ake tuhuma, kwamitin mutum bakwai da babban alƙalin jiha zai naɗa, ƙuri'ar kashi biyu cikin uku. Majalisar da ta bi waɗannan matakai ita ce kotu ba za ta taɓa ba. Wadda ta tsallake su ba ta da inuwar fakewa.

Ta wannan ƙofa Danladi ya shiga. Babbar Kotu a nan Jalingo ba ta ba shi gaskiya ba, haka Kotun Ɗaukaka Ƙara a Yola. Amma ranar 21 ga Nuwamban 2014 Kotun Ƙoli ta ce kwamitin da ya bincike shi bai ba shi cikakkiyar damar kare kansa ba, saboda haka tsigewar ba ta tsigu ba. Ya koma kujerarsa, ya riƙe jihar a matsayin muƙaddashin gwamna har ƙarshen Mayun 2015.

Malam, ko wasali ɗaya ba a taɓa ba a ƙaramin sashen nan tsakanin ranar da aka rubuta shi da ranar da Danladi ya ci nasara. Abin da ya motsa shi ne yadda kotun ƙarshe ke karanta shi, kuma a tsarinmu karatun kotun ƙarshe shi ne dokar da za a hukunta ka da ita. Wanda ya riƙe kundi kaɗai a 2012 yana riƙe da dokar 1981 ne bai sani ba, kamar mai shiga kasuwar Iware da farashin shanun bara. Lauyan da ya kwana yana bin hukuncin Ladoja layi-layi ba jan shari'a yake yi ba. Yana neman abin da littafin dokar bai isa ya gaya masa ba.

Na san Malam zai ce ai wannan shi ne ainihin kukansa, alƙalai sun murɗe nassi. To mu duba abin da karatunsa na zahiri ke haifarwa. Yana nufin tsirarun 'yan majalisa, irin waɗanda suka tsige Joshua Dariye a Filato a Nuwamban 2006 ba tare da sun kai ko kusa da kashi biyu cikin uku ba, za su iya tashi da asuba su kori gwamnan da jama'a suka zaɓa, kuma babu mai ce musu uffan. Wanda ya rubuta matakai tara bai rubuta su don ado ba. Haɗa farkon sashe da ƙarshensa kafin a fitar da hukunci abu ne da Malam kansa yake koya wa ɗalibansa a darasin fiƙihu.

Shari'ar zaɓe ta fi wannan rikita mai kallo daga nesa, kuma ita ce Malam ya fi jingina a kanta. A 2015 Hajiya Aisha Jummai Alhassan, Mama Taraba, Allah ya jiƙanta, wadda ita kanta lauya ce kuma ta taɓa zama kwamishinar shari'a ta jihar nan, ta ƙalubalanci nasarar Darius Ishaku na PDP a zaɓen gwamna. Ranar 7 ga Nuwamba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta ba ta kujerar, a kan cewa PDP ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda doka ta tanada ba, domin a Abuja aka yi shi maimakon Jalingo. Ranar 31 ga Disamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin, ranar 11 ga Fabrairun 2016 Kotun Ƙoli ta tabbatar da Darius. Bayan shekara uku, ranar 24 ga Mayun 2019, Kotun Ƙolin nan dai ta zubar da ƙuri'un APC gaba ɗaya a Zamfara saboda rashin sahihin zaɓen fid da gwani, Bello Matawalle ya wayi gari gwamna. Malam ya ɗora waɗannan biyu a kan sikeli ya ce, kun gani? Laifi ɗaya, hukunci biyu.

Ba laifin kaɗai kotu ke dubawa ba. Tana duba wanda ya kawo ƙarar, da lokacin da ya kawo ta, da kotun da ya kai. A Taraba 'yar wata jam'iyya ce ta shiga rikicin gidan wata jam'iyyar, bayan an gama zaɓe, a kotun ƙararrakin zaɓe. Kotun Ƙoli ta ce dokar zaɓe ta 2010 ta ba da wannan dama ne ga ɗan jam'iyyar da ya nemi takarar. A Zamfara rikicin na cikin gida ne, tsakanin ɓangaren Sanata Kabiru Marafa da na Gwamna Abdul'aziz Yari, kuma an fara shi a kotu tun kafin a kaɗa ƙuri'a. Mai shakkar wannan bambanci ya dawo gida ya duba 2023. David Sabo Kente, wanda ya nemi tikitin takarar gwamna a APC, ya kai Sanata Emmanuel Bwacha Babbar Kotun Tarayya da ke Jalingo, kuma ranar 1 ga Fabrairun 2023 Kotun Ƙoli ta soke zaɓen fid da gwanin da ya ba Bwacha takara. Ɗan gida ne, ya zo da wuri, ya bi ta ƙofar da ta dace. Shi kansa lokacin yanzu a ƙayyade yake: gyaran kundin da aka sa wa hannu a 2018 ya ba mai irin wannan ƙara kwana 14 kacal. Ranar ta 15, ko gaskiyarsa ta kai dutsen Mambila girma, an rufe masa ƙofa.

Mutum yana iya cewa wannan ƙa'ida ba ta yi masa ba. Ni ma ina da ƙorafi a kanta, domin jam'iyyar da 'ya'yanta suka haɗa baki suka yi shiru za ta iya taka doka ta wuce. Amma ƙa'ida ce da ake iya gani, a bi sawunta daga shari'a zuwa shari'a, a soke ta da hujja.

Ban zo in yi wa alƙalai rantsuwa ba. Majalisar kula da harkokin shari'a ta ƙasa ta sha dakatar da wasu, ta sa a yi wa wasu ritayar dole. Tambayata ga Malam ita ce: da me za ka bambance hukuncin da ya karkace da wanda ya miƙe, idan ka haramta wa kanka bincike? Dubi Filato. A ƙarshen 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta kori Gwamna Caleb Mutfwang da 'yan majalisar jiha 16 na PDP a kan batun yadda jam'iyyarsu ta tsayar da su, alhali masu ƙarar 'yan wata jam'iyya ne. Ranar 12 ga Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta maido da gwamnan, ta kuma yi wa kotun da ke ƙasa da ita faɗa a fili cewa ta kauce wa hukunce-hukuncen da suka gabata. 'Yan majalisar kuwa sun tafi ke nan, domin shari'arsu a Kotun Ɗaukaka Ƙara take ƙarewa. Waɗanda suka iya nuna kuskuren da yatsa tun kafin Kotun Ƙoli ta yi magana su ne waɗanda suka san abin da aka yanke a shari'ar Mama Taraba da Darius. Wanda ke cewa kowane hukunci na kuɗi ne ya sauƙaƙa wa gurɓataccen alƙali, domin ya sa shi a kwando ɗaya da mai gaskiya, babu sauran mai iya ware shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne fitowar wannan ra'ayi daga bakin mutumin da ya sauke Risala ya karanta Muhtasar. Nassin Alƙur'ani da ingantaccen hadisi ba sa canzawa, wannan babu mai jayayya. Amma Imam Shafi'i yana da maganganun da ya yi a Iraƙi da waɗanda ya sake bayan ya koma Masar, har almajiransa suka raba su gida biyu, tsoho da sabo. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya ja kunnen masu fatawa cewa hukuncin da aka gina a kan al'adar mutane yana bin al'adar idan ta sauya, kuma wanda baƙo ya zo wa da tambaya ya fara tambayar al'adar garinsu. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu rubu'in dinari ne tun fil azal, amma ba wanda zai ɗaura aure a Sabon Gari yau da lissafin nairar shekara goma da ta wuce. Sai an nemi farashin zinari. Zakkar kuɗin takarda, da ciniki ta waya, da dashen ƙoda, babu babinsu a Muhtasar, malamai ne suka zauna suka yi bahasi. Idan shari'ar da tushenta wahayi ne ba ta wadatu daga bincike ba, ina ga dokar da 'yan majalisa suka rubuta da rana tsaka, wani lokaci cikin gaggawa?

Ita kanta tsohuwar dokar da Malam ke kewa, ta zamanin Sardauna, ɗiyar bincike ce. A 1958 gwamnatin Arewa ta gayyato kwamitin masana ƙarƙashin babban alƙalin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, suka duba yadda Sudan da Pakistan suka yi, daga nan aka samu kundin hukunta laifuka na Arewa da ya fara aiki ranar 30 ga Satumban 1960. Kuma dattijon da aka haifa a Gembu a 1950 ya rayu ƙarƙashin amanar Majalisar Ɗinkin Duniya, ya shigo Nijeriya da ƙuri'ar 1961, ya zama ɗan Jihar Arewa maso Gabas a 1967, ɗan Gongola a 1976, ɗan Taraba a 1991, bai matsa daga ƙofar gidansa ba. A tsakiyar haka dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Wace ce daga cikin waɗannan za a ƙyale ta huta?

Kada a ɗauka maganar ta manyan 'yan siyasa ce kawai. Su suna da kuɗin ɗaukar manyan lauyoyi goma. Talaka ne ke biyan kuɗin rashin bincike, kuma da shekarun rayuwarsa yake biya. A 2007 Kotun Ƙoli ta ce takardar kotu da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, ba da sunan lauya mai rai da ke cikin rajista ba, ba takarda ba ce. Ta sake jaddada haka a 2012. Shari'o'i da dama da aka shekara ana tafkawa sun rushe a kan wannan kaɗai. Ni a ganina tsaurin ya yi yawa, amma lauyan da bai bi labarin ba wanda yake karewa ne zai kwana a ciki. Sashe na 277 na kundin tsarin mulki ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ga aure, saki, riƙon yara, gado, wasiyya, kyauta da waƙafi, kuma Kotun Ƙoli ta sha faɗa cewa rikicin mallakar gona da bai shafi gado ba ba nata ba ne. Manomin da aka kai ƙararsa can zai iya cin nasara, ya yi walima, daga baya a ce hukuncin tamkar ba a yi ba, a koma farko. Ɗan kasuwar Mile Six da ya tura kuɗin doya ta waya zuwa Zing, aka musanta masa, yana da shaida a aljihunsa. Amma dokar shaida ta 2011, a sashe na 84, ta gindaya sharuɗɗan karɓar abin da ya fito daga na'ura, har da takardar tabbatar da lafiyar na'urar. Lauyan da ya gama karatunsa kafin 2011 bai sake buɗe littafi ba zai tsaya yana kallo a ƙi karɓar shaidar.

Hatta jan shari'ar da ya fusata Malam, ba da barin doka ta huta aka fara taɓa shi ba. Masu nazari ne suka bi diddigin manyan shari'o'in cin hanci suka ga inda suke maƙalewa: lauya ya ɗaukaka ƙara a kan ƙaramin batu, ya nemi a dakatar da uwar shari'ar har sai an gama da shi, shekaru su wuce. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta zo da sashe na 306 ta hana wannan dakatarwa, Kotun Ƙoli kuma ta amince da sashen a 2017 a shari'ar Olisa Metuh.

Da Malam ya ce matsalarmu ita ce binciken ya zama kayan wasu tsiraru, da ni ne farkon mai sa hannu a maƙalarsa. Gani Fawehinmi ya fara buga hukunce-hukuncen manyan kotuna mako-mako a 1985 domin ƙaramin lauya ya daina roƙon manya, yau kuma ana samun su a waya da kuɗin rajista. Amma duk da Turanci suke, Turancin ma irin wanda mai digiri ke haɗa gumi a kansa. Ga tsangayar shari'a a Jami'ar Jihar Taraba, ga makarantar horar da lauyoyi a Yola, ga reshen ƙungiyar lauyoyi a Jalingo, ga gidan rediyon jiha. Me zai hana a riƙa warware manyan hukunce-hukunce da Hausa da Fulatanci da Mumuye da Jukun, a gaya wa mutane abin da ya sauya da ranar da ya sauya? Wannan faɗa ne da ya dace da alƙalamin Malam.

Ga kuma aikin gida da zan bar masa, tun da ya ce buɗe littafi ya wadatar. A 2017 Majalisar Taraba ta zartar da dokar hana kiwon sake da kafa wuraren kiwo na zamani, Gwamna Darius ya sa hannu a watan Yuli, aka tsayar da Janairun 2018 don fara aiki da ita. A watan Fabrairun 2018, bayan zama da kwamitin majalisar tattalin arziki ta ƙasa da Gwamna Dave Umahi ya jagoranta, aka sanar da dakatar da aiwatarwa domin a sake duba ta. Sanarwar gwamnati ba ta goge dokar da majalisa ta yi. Majalisa ce kaɗai ke gyarawa ko sokewa, kotu kuma ke iya cewa wani sashe ya saɓa wa kundin tsarin mulki. To idan Ardo ya zo daga Lau, ko manomi daga Ardo Kola, ya tambayi Malam matsayinsa a yau, sai Malam ya nemi gazet ɗin jiha ya ga nassin da aka buga, ya bi bayanan zaman majalisa ya ga ko an yi gyara, ya duba rajistar kotuna ya ga ko an yanke wani abu, ya haɗa da abin da dokar 1978 ta ce a kan filin kiwo. Idan ya kammala, ina roƙon ya rubuta mana amsar, ya kuma faɗi sunan da zai kira aikin da ya yi kafin ya same ta.